Tambayoyin da ake yi mini kan littafin zanena na farko

Tun da na fitar da ɗan littafina na farko mai shafi 24, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawo mini: a fada, a bakin kasuwa, a WhatsApp, wani lokaci daga bakin yaron da ya tare ni a hanya da kaye, wato littafin rubutu, a hannu yana son in duba masa zanensa. Da yawa na amsa su a tsaye, amsar gaggawa wadda ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa na zauna na tattara su wuri guda. Ni ɗan Maraɗi ne, a nan aka yanke mini cibi, kuma abin da hannuna ya taɓa shi zan faɗa.

Wai me ake ce wa wannan aikin da Hausa?

Mu da muka shiga lakkwal mun tashi muna ce masa "bede", yadda mushe, wato malamin makaranta, yake faɗa da Faransanci. Tsofaffi kuwa "littafin hotuna" suke cewa. Ni na fi son "labarin zane", don labarin ne ke jan zanen. Ya bambanta da zanen barkwanci na jarida, wanda hoto ɗaya ne ya faɗi maganarsa ya tashi. A labarin zane hotuna ne a jere, kuma rabin aikin mai karatu ke yin sa. A hoton farko ya ga mace ta ɗaga tulu, a na biyu ya ga tsingaro a ƙasa, shi da kansa zai ji ƙarar fashewar a kunnensa ko da ban zana ta ba.

Sauran kalmomin aikin ni na raɗa wa kaina. Shafi gida ne. Kowane hoto da aka zagaye da layi ɗaki ne. Farin filin da ke tsakanin ɗaki da ɗaki lungu ne, ta nan lokaci ke wucewa. Zagayen da ake rubuta maganar mutum a ciki kumfa ce. Hoton farko na saman shafi kuma zaure nake ce masa, domin ta nan baƙo ke shigowa, in zauren bai yi masa ba, ba zai ƙarasa tsakar gida ba.

A ina ka koyi zane?

Wurin farko da hannuna ya san riƙon alƙalami makarantar allo ce. A can na koyi cewa layi yana kumbura ya tsuke gwargwadon yadda ka danna, kuma tawada ba ta jiran mai shakka. Na kuma sha zama kusa da wani mai zayyana ina kallon yadda yake raba allon sauka gida-gida kafin ya sa launi ko ɗaya. Sai daga baya na gane tsarin shafi yake koya mini ban sani ba.

Labarin zane kansa a adakar kawuna na fara ganin sa, cikin wasu tsofaffin kofe na mujallar Kouakou, wadda aka yi ta rarraba wa ƴan makaranta a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci har zuwa 1998. Bayan haka zanen Japan ya shigo mana ta talabijin da faifai, ya tafi da hankalin duk tsararrakinmu. Na kwaikwaya har na gaji. Ina shekara 15 hannuna ya iya manyan idanu da gashi mai tsini ko ido rufe, amma ranar da ƙanwata ta ce in zana ta, abin da ya fito a takarda baƙuwa ce. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Daga nan na koma ɗaukar kaye ina fita. Litinin da Juma'a ina kasuwa, ina zana hannun mai awon hatsi da wuyan mai tallar fura. Ƙirar jiki kuwa a filin kokowa na koye ta, filin nan mai sunan Yakuba Kantu, ɗan Maraɗin da ya ɗauki takobi a gasar ƙasa ta farko a Tawa cikin 1975. Wanda ke son ya ga yadda nauyin mutum ke sauka a kan ƙafa ɗaya, da yadda kafaɗa ke murɗawa kafin kaye, ya je ya zauna a bakin fili da fensir. Ƴan kokowa ba sa tsayawa su jira ka, dole ka kama motsin da layi uku ko huɗu.

Me ya sa ka zaɓi labarin ambaliyar 1945?

Ba shi na fara zaɓa ba. Shekara biyu na yi ina fama da dogon labarin wani jarumi mai takobin wuta a wata ƙasa da babu ita. Na kai shafi 40 ya cije, ya ƙi gaba. Dalilin kuwa ban san abin da mutanen ƙasar ke ci da safe ba, ban san yadda suke gaisawa ba, ban san wa ke jin kunyar wa ba. Mutanen da ba ka san wannan game da su ba, ba za su yi maka magana ba.

Wani dare cikin damina aka tsuge da ruwa, wuta ta ɗauke, muka taru a ɗakin kakata. Na ce ruwan yau ya yi yawa. Sai ta ce, "Kai angona, wannan har ruwa ne? Ai ba ka ga ruwa ba." Ta fara ba mu labarin daren da gulbi ya ci gari, tana yarinya ƴar shekara kamar takwas.

Ga wanda bai sani ba, tsohon Maraɗi a ƙasa yake, cikin fadama a bakin gulbi, inda Katsinawa suka zauna bayan jihadi ya karɓe Birnin Katsina a farkon ƙarni na 19. A 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya tumbatsa ya rushe garin, Turawan Faransa suka mai da mutane kan tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu kamar layin kaye. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa suka hau tudu da sunayensu. Yaron yau da ya saba ganin gulbin yashi ne zalla yawancin shekara, da wuya ya yarda wannan wurin ya taɓa cinye gari.

Kaka ba tarihi ta ba mu ba. Abin da ta riƙe shi ne ƙarar katanga in ta jiƙa ta zauna, da warin jiƙaƙƙen hatsi, da ɗan akuyarta da ta saka a masaki ta ɗora a ka, uwarta na goye da ƙanenta tana ja mata hannu cikin duhu. Ɗan akuyan nan shi ya ba ni littafi. Washegari na ajiye jarumin takobi, ban ƙara komawa kansa ba.

Ta yaya aka zana garin da babu shi yanzu?

Da ƙafa da kunne. Na hau kabu-kabu na je Tibiri da ƙauyukan bakin fadama, na zauna ina zana katangar ƙasa, da rumbu, da danga, da yadda jinka ke zama a kan ɗaki. Na tambayi tsofaffin magina yadda ake ɗora tubali, don sai ka san yadda aka gina abu kafin ka iya zana faɗuwarsa. Katangar ƙasa daga gindi take mutuwa: ruwa ya ci ƙasan, ta sunkuya a hankali, sannan ta zube gaba ɗaya.

Sauran kuwa Kaka ce alƙali. Ranar da na kai mata shafukan farko tana zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ta goge hannu a zane, ta karɓi takardar ta nesanta ta da fuska, ta daɗe tana kallo. Sai ta sa yatsa a kan yarinyar.

"Wannan wa ce?"

Na ce, "Ke ce, Kaka."

"Ni? Da wannan dogon hijabin? A ina na same shi? Ɗan zane ne a ƙugu, shi ke nan. Kuma mene ne wannan a gindin bishiya?"

Na ce bokiti ne.

Ta ce, "Tulu da randa da ƙwarya, su muka sani. Cire shi. Wancan kwanon rufin ma cire shi. Kuma ka yi wa innata fuska sumul kamar ba ɗiyar kowa ba. Bagobira ce, ina tsagenta?"

Ta jawo hannuna ta bi da yatsana a kan kuncinta, daga gefen baki zuwa wajen kunne, ta nuna mini yadda na uwarta ya kwanta. Shafi shida na yaga a ranar na sake. Duk abin da ta cire, ni ban ma san na saka shi ba, ido ne ya saba da shi hannu ya bi. Tun daga nan, duk ɗakin da na zana sai na bi shi kaya bayan kaya ina tambaya: wannan yana nan a wancan zamanin? Fitilar hannu ta fita, aci-balbal ta shigo. Takalmin roba ya fita, aka koma ƙafa a ƙasa.

Rubutu kake fara yi ko zane?

Baki nake fara yi. Ina ba da labarin da baki, kamar tatsuniya, ga duk wanda zai saurara. Inda na ga idon mai sauraro ya fara yawo, wurin ya mutu, sai in yanke. In labarin ya zauna a baki, sai in ɗauki takarda ɗaya in tsaga ta gida 24, kowane gida kamar kwalin ashana, in yi ƴan zane-zane da ni kaɗai nake ganewa. A nan ake yin ainihin aikin, don a nan ake yanke shawarar ɗaki nawa kowane shafi zai ɗauka.

Girman ɗaki shi ne tsawon numfashi. Ƙananan ɗakuna a jere gudu ne, babban ɗaki tsayawa ce. Lokacin da yarinyar ke neman ɗan akuyanta na cusa ɗaki tara a shafi ɗaya, matsattsu, don mai karatu ya ji ƙuncin. Da ta fito ƙofar gida ta ga ruwa ya shafe unguwa, na ba shi shafi sukutum, babu kumfa ko ɗaya.

Akwai wata dabara da na so a ce wani ya faɗa mini tun farko. In mutum ya buɗe littafi, shafi biyu yake gani lokaci guda, kuma idonsa na satar kallon na dama kafin ya gama na hagu. Saboda haka abin mamaki ba a ajiye shi a dama. A ƙarshen shafin dama ake ɗana tambaya, amsar ta jira a bayan takarda, sai an juya. Shafin ruwan nan nawa shafi na 14 ne, da gangan.

Da wane kayan aiki ka yi shi?

Farar takardar A4, fensir, gom, rula, bik baƙi, da kwalba ɗaya ta baƙar tawada da ɗan buroshi. Don manyan wuraren baƙi na feƙe alƙalamin kara irin na allo, ya fi buroshin biyayya a hannuna. Na gwada tawadar allo, wadda ake yi da baƙin tukunya da ƙaro. Tana da kyau a ido, amma ɗigon ruwa ɗaya ya ishe ta narkewa, ai don a wanke aka yi ta. Na bar ta.

Yanayin garinmu ma yana cikin kayan aiki, ko ka so ko ka ƙi. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi na haura 40, gumin hannu na jiƙa takarda ya ja tawada. Sai na riƙa shimfiɗa ɗan ƙyalle ƙarƙashin hannu, ina kuma fara shafi daga sama ta hagu in gangaro don kada in bi ta kan abin da bai bushe ba. A hunturu tawada na bushewa a bakin alƙalami kafin ka kai shi takarda, ƙura kuma na kwanciya a kan shafi, in ka sa gom sai ta bar dabbare. Lokacin da ya fi mini daɗi shi ne bayan sallar asuba zuwa hantsi: gari da sanyi, haske mai taushi, gida bai tashi da hayaniya ba. Kusan dukan littafin a wannan tsakanin aka yi shi, cikin wata bakwai.

Yaya ake zana baƙar fata, da dare, da baƙi da fari kawai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni wuya a aikace, kuma littattafan koyon zane da suka zo hannuna ba su kula da ita ba, don fuskokin da ke cikinsu farar takarda ta ishe su. Da farko na shafa fensir a fuska don ta yi duhu. A hannu ya yi kyau, injin fotokopi ya mai da shi toka mai dabbare-dabbare. Injin ba ya son tsaka-tsaki, baƙi ya sani da fari.

Sai na koma kallon mutane da dare a gindin fitilar mai shayi. Na lura fuskar baƙin mutum haske ne ke zana ta: ɗan ƙyalli a goshi, a karan hanci, a saman kunci, a leɓen ƙasa. Sai na juya aikin. Na cika fuska da ƙananan layuka masu bin ƙirar ƙashi, na bar waɗannan wurare huɗu fari fat. Ruwan ma haka: baƙi ƙirin, da ƴan farare-fararen layuka masu lanƙwasa inda walƙiya ta taɓa shi. Abin da ka bari ba ka taɓa ba shi ke haskawa.

Wace Hausa mutanenka ke yi a cikin kumfa?

Hausar Maraɗi. Uwar yarinyar "mi ya hwaru?" take cewa, tana kiran ta "ɗiyata", tana cewa "mu tahi". In na sa mata Hausar rediyo, ta tashi daga matar fadama ta koma mai karanta labarai. Bayanin mai ba da labari kuwa, wanda ke saman ɗaki, da daidaitacciyar Hausa na rubuta shi, don na Kano da na Damagaram da na Yamai duk su bi ba tare da tuntuɓe ba.

Wasu sun ba ni shawara in yi shi da Faransanci don ya fi samun kasuwa. Na ƙi, don Kaka ba da Faransanci ta ji tsoro ba a daren nan. Wannan kafin 2025 ne, shekarar da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar.

Wurin da Hausa ta fi yi mini rana shi ne sauti. Ba na bukatar aron ƙarar kowa. Ruwan sama "shaaa", abu ya faɗa ruwa "tinjim", katanga ta zube "rigijib", gari ya yi "tsit". Ina zana waɗannan kalmomi da hannu su zama ɓangaren hoton. "Rigijib" ɗin da haruffa masu tsagewa na yi shi, suna zubewa tare da katangar.

Duk rubutun kumfa ma da hannu na yi, saboda ƙugiya. Yawancin haruffan kwamfuta masu kama da rubutun hannu ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai ka ga ɗan akwati ya fito a madadinsu. Kuma in aka cire ƙugiya, "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata", magana ta lalace.

Zanen mai rai bai saɓa wa addini ba?

Ana yi mini ita fiye da kowace, wani da neman sani, wani da faɗa. Ba na jin haushin kowa, domin ni ma ta hana ni barci. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura suna cikin Buhari da Muslim, ba wanda zai ce babu su. Mahaifina da ya ga abin ya wuce wasan yara, bai hana ni ba, bai kuma sa mini albarka ba. Cewa ya yi, "Je ka tambayi Malam, abin da ya ce shi za a yi."

Na je bayan la'asar da shafukana a cikin kwali. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, Baba ne ya turo ni." Ya duba su ɗaya bayan ɗaya bai ce komai ba, har ya kai shafin ruwan, ya daɗe a kansa. Sannan ya bayyana mini cewa malamai sun yi saɓani. A mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a ƙasar nan, abin da aka haramta kai tsaye shi ne sura mai jiki, mai inuwa, cikakkiyar halitta, irin gunki. Zanen da ke shimfiɗe a takarda hukuncinsa bai kai nan ba. Ya ce akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, kuma suna da hujjarsu, kada in raina su. Sai ya ce, "Ɗana, abin da za ka zana ya fi damuna a kan zanen kansa."

Daga zaman nan na ɗaukar wa kaina sharuɗɗa. Ba na zana annabawa, ko sahabbai, ko mala'iku. Ba na zana tsiraici. Ba na zana wani sananne don a yi masa dariya. Kuma ba na rubuta aya a shafi, don na san ƙarshen takarda a garin nan: wata rana a cikinta za a ƙunshe ƙosai. A daren ambaliya mutane sun yi ta salati da addu'a, haka Kaka ta faɗa. Na nuna shi da tafin hannu a sama da baki a buɗe, kumfar na bar ta fara.

Ina da aboki na ƙut da ƙut wanda ya karanta littafin a hannuna ya mayar mini, ya ce ba zai kwana da shi a ɗaki ba, saboda hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura. Muna shan shayi tare har gobe. Kuma dole mai zane a Nijar ya san cewa tun Janairun 2015, lokacin da zanen ɓatancin wata jaridar Faransa ga Manzon Allah (SAW) ya jawo tarzoma a Damagaram da Yamai, kalmar "zane" na ɗauke da tabo a kunnen mutane da yawa. Wanda ya zo maka da zafi, sau da yawa wancan ciwon ne ke magana. Ni buɗe masa littafin nake yi, in ce ya duba da idonsa.

Yaya ka buga shi, kuma nawa ya ci?

A shagon fotokopi. In ka ninka A4 biyu ka sami shafi huɗu, shi ya sa adadin shafuka dole ya rabu da huɗu: 16, 20, 24. Nawa takarda shida ne, gaba da baya. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne jeri. Shafi na 24 da na 1 a fuska ɗaya suke zama, bayansu na 2 da na 23, haka har tsakiya. Duk shafi biyu da ke maƙwabtaka, in ka tara lambarsu 25 za ta ba ka. Ka fara ninka fararen takardu ka rubuta lambobi, ka warware, ka bi abin da ka gani.

Bugun farko ya lalace. Yaron shagon ya juya bayan takardun a kife, kofe goma suka fito rabin shafukan kai a ƙasa, kuma kuɗina ne ya tafi. Tun daga ranar nake tsayawa a kan injin, a fitar da kofe ɗaya, in ninka, in karanta daga farko har ƙarshe, sannan a ci gaba. A kuma duba tawadar injin kafin a fara, don shafukan dare suna shan ta, in ta yi ƙasa baƙin sai ya fito da zane-zanen fari.

A lokacin dala biyar, wato sefa 25, ake buga fuska ɗaya. Fuska 12 dala sittin ke nan, ban da bangon kwali. Na sayar dala ɗari. Kofe 50 na yi, da kuɗin da na tara daga rubuta allunan shaguna. Ɗinkin tsakiya innata ta yi mini shi da zare da allura, ta ce ƙarfen ɗinke takarda tsatsa yake yi da damina. Gaskiyarta, na zaren har yau suna nan garau.

Su wa suka fara karantawa?

Ƴan fadarmu. Na miƙa kofe ɗaya lokacin da ake dafa shayin farko, ya zagaya hannu zuwa hannu, ni kuma ina kallon fuskoki ina lura da inda yatsa ke tsayawa. A shafi na 9 mutum uku suka koma baya, alamar sun ɓata hanya: na sa dogon ɗaki a gefen hagu, ido ya rasa ko ya gangara ko ya tsallaka. Ban yi musu bayani ba, don ba zan bi kowane kofe gida in yi bayani ba. Na sake shafin.

Bayan su sai ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, sai wasu malaman firamare. Wani direban da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ya karɓi biyar ya kai Katsina. Amma waɗanda suka fi taɓa mini zuciya tsofaffin unguwa ne da ba su yi boko ba. Sun bi hotunan da yatsa sun karanta labarin tsaf, wata ma ta ƙara mini da abin da ya sami gidansu a daren.

Me ya hana ka yi da waya ko kwamfuta?

Ba ni da su a lokacin. Yanzu ina ɗaukar shafi da waya in gyara shi a manhajar zane ta ibisPaint, kuma yana rage wahala sosai. In za ka tura wa mutane ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin PDF, don in ka tura shi a hoto ana matse shi, ƙananan layuka su narke. Zanen farko dai har yanzu a takarda nake yin sa.

Ana cin abinci da wannan sana'ar?

Ni dai ban kai nan ba tukuna. Allunan shaguna da zanen bangon makarantu ke ciyar da ni, labarin zane kuma yana mai da kuɗin takardarsa. Na san labarin unguwa na iya yin nisa: Aya de Yopougon, wanda Marguerite Abouet ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana, rayuwar wata unguwa ce a Abijan, ya fito a 2005, ya karɓi kyautar littafin farko a bikin labarin zane na Angoulême a 2006. Amma su kamfanin ɗab'i ne a bayansu a Faransa. Mu nan kai ne marubuci, kai ne mai zane, kai ne ɗan talla.

In ka duba littafin yanzu, ba ka jin kamar ka sake zana shi?

Ina ganin kurakuransa sarai. Hannuwa sun yi ƙanana a shafukan farko, ɗan akuyan yana canza girma daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma fuskar yarinyar a shafi na 3 da ta shafi na 22 kamar ya da ƙanwa ne, don hannuna ya ƙaru a cikin wata bakwai ɗin. An ce in gyara in sake bugawa da launi. Zan iya sake bugawa, amma ba zan taɓa zanen ba.

Kaka ta rasu shekara guda bayan fitowarsa, Allah ya jiƙanta. Kowane shafi a cikinsa ya bi ta hannunta, ta ce a cire ko a bari. A gefen shafi na 17, inda uwar ke ɗaure goyo cikin ruwa, akwai ɗan tabon goro daga babban yatsanta, ranar da ta danna wurin ta ce, "Yawwa angona, haka ta ɗaure shi." Fotokopi ya ɗauke shi kamar ɗigon tawada, yana cikin duk kofe 50. Asalin shafukan suna cikin adakar kawuna, a naɗe cikin leda saboda gara, na ɗora adakar a kan bulo biyu saboda damina.